Daga Rogo Zuwa Oksfod: Rayuwar Ilimi ta Marigayi Abdul Raufu Mustapha da Batun Ɗan Ƙasa da Baƙo

Jawabin da aka gabatar a zaman ilimi na taron shekara-shekara



Da kwamitin shirya taro ya ɗora mana nauyin yin magana a kan ilimi, sharaɗi ɗaya ya gindaya mana, wato mu zaɓi batun da zai amfani ƙannenmu da 'ya'yanmu da ke jami'a. Mun daɗe muna lura da wani abu a gidajenmu. Idan yaro ya ce likita zai zama, ko injiniya, ko lauya, sai gida ya ɗauki murna. Idan kuwa ya ce kimiyyar siyasa zai karanta, sai uba ya ɓata rai, ya ce ita siyasar har sai an je jami'a, ga su wane can ba su gama firamare ba suna ta rabon shinkafa da atamfa? To, maimakon mu tsaya gardama da iyayenmu, wadda mun san ba za mu ci ba, sai muka ga ya fi mu ɗauko rayuwar mutum guda da ya ƙare kwanakinsa a wannan fage, mu shimfiɗa ta a gabanku, kowa ya auna da kansa. Mutumin shi ne marigayi Abdul Raufu Mustapha, malamin siyasar Afirka a Jami'ar Oksfod ta Ingila, wanda ya rasu ranar 8 ga Agusta, 2017, yana da shekara 63. Allah ya jiƙansa.

Ba ɗan garinmu ba ne, kuma ba mu da wata dangantaka da shi in ban da ta karatun abin da ya rubuta. Amma labarinsa ya yi kama da na 'ya'yan da yawa daga cikinmu. Asalin gidansu Ilorin ne, a Aba aka haife shi a 1954, can cikin ƙasar Ibo, a Zariya kuma ya yi karatun jami'a. Yana ɗan kimanin shekara 12 aka yi juyin mulki biyu da kashe-kashen 1966, yana dab da cika 13 yaƙin basasa ya ɓarke. Yaron da aka haifa a Gabas, asalinsa garin da ake magana da Yarbanci amma yake cikin Jihar Arewa, ba sai an koya masa a aji cewa tambayar "kai ɗan ina ne" tana da nauyi a ƙasar nan ba. Mu da muke haifar 'ya'ya a Agege da Sabon Ibadan da Ama Hausa ta Owerri mun san wannan tambaya, mun kuma san yadda yaro kan yi shiru kafin ya amsa ta.

Ya yi digirinsa na farko da na biyu a sashen kimiyyar siyasa na Jami'ar Ahmadu Bello, ya koyar a Jami'ar Bayero ta Kano da kuma ita Jami'ar Ahmadu Bello ɗin. Dattawanmu da suka zauna a Samaru a ƙarshen shekarun 1970 zuwa na 1980 za su shaida irin wutar muhawarar da ke ci a wurin a lokacin. Ga Dakta Yusufu Bala Usman a sashen tarihi, wanda ya fitar da littafinsa a kan yadda ake juya jama'a da sunan addini a 1987. Ga Patrick Wilmot a sashen nazarin zamantakewa, wanda gwamnatin soja ta kora daga ƙasar a 1988. Ga Björn Beckman ɗan Suwidin da Yusuf Bangura ɗan Saliyo a sashen kimiyyar siyasa. Babbar tambayar da ke gabansu ita ce: shin ƙabila ce ke raba mutanen Nijeriya, ko kuwa abin hannu? Da yawa daga cikinsu sun karkata ga cewa ƙabilanci riga ce da manya ke sanya wa talaka domin kada ya gane wanda ya ci masa haƙƙi. Kafin wannan, a 1978, Okwudiba Nnoli na Jami'ar Nsukka ya buga littafinsa *Ethnic Politics in Nigeria*, inda ya nuna cewa ƙabilanci irin na siyasa ba a ƙauye aka haife shi ba, a birnin zamanin Turawa aka haife shi, wurin da baƙi daga kowace nahiya suka haɗu suna rububin aikin reluwe da rumfar kasuwa da ɗakin haya.

A nan ya kamata mu ɗan dakata, domin maganar Nnoli ta taɓa mu kai tsaye. A cikin wannan rububi ne ƙungiyoyi irin tamu suka samo asali. Mutum ya sauka a birni bai san kowa ba, ba gwamnatin da za ta ba shi masauki, ba mai yi masa jinya, in ya mutu ba mai kai gawarsa gida, sai 'yan garinsu. Wasu daga cikin irin waɗannan ƙungiyoyi sun girma har suka zama jam'iyyu. Egbe Omo Oduduwa ita ta haifi jam'iyyar AG ta Awolowo, Jam'iyyar Mutanen Arewa kuwa da ta fara a matsayin ƙungiyar al'adu ta rikiɗe ta zama NPC a 1951. Wani shehin malamin, Peter Ekeh, ya rubuta a 1975 cewa ɗan Afirka mai ilimin zamani yana rayuwa ne a cikin jama'a iri biyu. Akwai jama'ar gida, inda yake jin kunya, yake riƙon amana, yake bayarwa. Akwai kuma jama'ar gwamnati, inda yake ganin duk abin da ya ɗiba ganima ce. Ma'ajin da ba zai taɓa kwabo ɗaya na asusun ƙungiyar garinsu ba, shi ne zai yi sama da faɗi da kuɗin ma'aikatarsu, ya kawo wani kaso gida a gina masallaci ko rijiya, a miƙe tsaye a tafa masa. Ba mu ce akwai irinsa a zauren nan ba. Mun dai ce an rubuta wannan magana tun 1975, kuma har yau ba ta tsufa ba.

Abin da ya bambanta Malam Raufu da wasu tsararrakinsa shi ne bai tsaya a zauren muhawara ba. Da ya tafi Oksfod neman digirin digirgir, sai ya dawo ƙauye. A Rogo ta ƙasar Kano ya yi bincikensa, kundin da ya kammala a 1990 kuma ya bi diddigin yadda manoman karkarar Kano suka rarrabu da yadda siyasarsu ta kasance daga 1900 zuwa 1987. Kalmar "talakawa" da muke jefawa a jimlace tana ɓoye abubuwa da yawa. A ƙauye ɗaya akwai mai gandu da shanun huɗa da rumbu cike har damina ta zagayo, akwai mai sayar da hatsinsa da kaka da araha ya dawo ya saya da tsada da bazara, akwai wanda ke barin gonarsa ciyawa ta cinye domin ya tafi ƙwadago a gonar wani ya samo na cefane. Duk Hausawa ne, duk sahu ɗaya suke bi, amma takin gwamnati da bashin banki ba ƙofa ɗaya suke shiga ba. Daga baya ya yi irin wannan bincike a tsakanin manoman koko na ƙasar Yarbawa, shi da maiɗakinsa Kate Meagher kuma suka rubuta a kan yadda mutanen karkarar Hausa ba su dogara ga noma kaɗai ba, sai sun haɗa da fatauci da sana'a da ci-rani. Wanda ya fara aikinsa da auna bambancin da ke cikin ƙauye guda, da wuya a ruɗe shi da cewa duk 'yan ƙabila ɗaya buƙatarsu ɗaya ce.

Sai ga shirin gyaran tattalin arziki na SAP da gwamnatin Janar Babangida ta shigo da shi a 1986. Naira da take kusan kunnen doki da dalar Amurka ta faɗi zuwa wajen naira 4 a kan dala cikin ɗan lokaci, albashi ya zama ba ya kai tsakiyar wata. Waɗanda suka yi aikin gwamnati a cikinmu a wancan zamani ba sai an tuna musu ba: malamin makaranta na kiwon kaji a bayan gida, babban akawu na kabu-kabu da motarsa bayan tashi daga ofis, matan gida na sayar da ƙanƙara da zoɓo. A farkon shekarun 1990 Malam Raufu ya yi rubutu a kan wannan hali, ya nuna cewa haɗa hanyoyin neman abinci da yawa, wanda a da aka san talaka da shi, ya hau har kan ma'aikata masu digiri, kuma dalilin kowa daban: lebura na yi ne don kada ya kwana da yunwa, ma'aikaci na yi don kada ya faɗo daga matsayin da ya saba. Illar da ke ciki ita ce aikin da aka ɗauki mutum dominsa shi ke komawa gefe. Asibiti da aji su ke biyan kuɗin. Jami'a ma ba ta tsira ba. Shi ɗan gwagwarmayar ƙungiyar malaman jami'o'i ne, ASUU, wadda soja suka haramta a 1988, wadda kuma yajin aikinta na 1992, a ƙarƙashin shugabancin Attahiru Jega, ya haifar da asusun harajin ilimi na 1993, wanda ya zama TETFund a 2011. Duk ginin da kuka gani a jami'a ko kwaleji an rubuta sunan wannan asusu a jikinsa, to daga wancan yajin aiki ya samo tushe.

A 1996 ya koma Oksfod da koyarwa, daga baya ya riƙe kujerar da aka sanya wa sunan Anthony Kirk-Greene a Kwalejin St Antony. Shi wannan Kirk-Greene tsohon jami'in mulkin Turawa ne a Arewa, ya koyar a Zariya, shi ne kuma ya tattara karin maganar Hausa a wani ɗan littafi a 1966, ya yi wani rubutun a kan ma'anar mutumin kirki a wurin Bahaushe. Wato dai kujerar da aka raɗa wa sunan Baturen da ya yi nazarin mu, ɗan ƙasarmu ne ya zauna a kai yana koyar da 'ya'yan Turawa. Za a iya cewa ai ya gudu ya bar jami'o'inmu a lokacin da suka fi buƙatarsa, kuma maganar ba ta rasa ƙamshin gaskiya, domin tafiyar irinsu ta bar giɓin da har yau ba a cike ba. Sai dai mu da muka bar garinmu muka tare a birane, mu ne na ƙarshe da ya kamata mu jefi wani da wannan dutse. Abin dubawa shi ne me mutum ya yi da nisan da ya samu. Shi dai kusan duk abin da ya rubuta a can a kan Nijeriya ne, kuma mafi yawansa a kan Arewa.

Yanzu mu zo inda gizo ke saƙa, wato aikinsa a kan rabon muƙamai. A shekarun 2000 ya yi aiki da wata cibiyar bincike ta Oksfod mai suna CRISE, ƙarƙashin Farfesa Frances Stewart, wadda ta shahara da bambance rashin daidaito iri biyu. Akwai na tsakanin mutum da mutum, wane mai kuɗi ne wane matalauci. Akwai kuma na tsakanin jama'a da jama'a, inda za a ga wata ƙabila ko wani yanki gaba ɗaya an bar su a baya wajen makaranta da asibiti da aikin gwamnati. Na biyun shi ya fi saurin haifar da tashin hankali, domin talaucin da mutum ke ganin ƙaddararsa ce yakan haƙura da shi, amma wanda yake ganin an ɗora masa ne saboda sunan kakansa, wannan ba ya haɗiyuwa. Ya kuma shiga wani babban bincike na cibiyar nazarin ci gaban al'umma ta Majalisar Ɗinkin Duniya da ke Janeba, wanda tsohon abokin zamansa na Zariya Yusuf Bangura ya jagoranta, aka buga a 2006. A can an kasa ƙasashe gwargwadon tsarin ƙabilunsu: masu babbar ƙabila ɗaya kamar Botswana, masu biyu kamar Fiji da Beljiyam, masu uku kamar Suwizalan da Bosniya da Nijeriya. Murhu mai duwatsu uku yana riƙe tukunya, amma kowane dutse na tsoron kada biyun su haɗa kai a kansa, ƙananan ƙabilu ɗaruruwa kuma suna tsakiya suna shan zafin wuta.

Tushen matsalar, kamar yadda ya bi ta, a makaranta yake. An buɗe makarantar sakandare ta farko a Legas a 1859. Kwalejin Katsina sai a farkon shekarun 1920. A 1955 Jihar Yamma ta fara ilimin firamare kyauta. A 1957, shekara 3 kafin samun mulkin kai, 'yan sakandare a duk faɗin Arewa ba su kai 4,000 ba, na Kudu kuwa sun haura 28,000, alhali Arewa ce ke da rabin kujerun majalisar tarayya. Sai aka wayi gari kowa na da abin tsoro. Arewa na da yawan ƙuri'a tana tsoron 'yan Kudu su mamaye ofisoshi, Kudu na da takardun shaida tana tsoron Arewa ta mamaye mulki. Daga wannan tsoro biyu ne kusan duk dabarun da muka sani suka fito. Gwamnatin Sardauna ta bi manufar fifita 'yan Arewa a aikin gwamnatin jiha tun daga shekarun 1950. A 1961 aka sanya kaso wajen ɗaukar hafsoshin soja: rabi ga Arewa, rubu'i ga Gabas, rubu'i ga Yamma. Aka yi ta yanka jihohi, 12 a 1967, 19 a 1976, 21 a 1987, 30 a 1991, 36 a 1996. Aka kafa hidimar ƙasa a 1973. Tsarin mulkin 1979 ya shigo da ƙa'idar cewa dole gwamnatin tarayya ta nuna kamannin tarayya a cikin ma'aikatanta, ya kuma wajabta wa mai neman shugabancin ƙasa ya sami rubu'in ƙuri'u a kashi biyu cikin uku na jihohi. A ƙarshe, da dokar soja mai lamba 34 ta 1996, gwamnatin Janar Abacha ta kafa Hukumar Raba-Daidai ta Tarayya, tsarin mulkin 1999 kuma ya tabbatar da ita. Ƙa'idarta a kan manyan ma'aikata ita ce kowace jiha kada ta gaza kashi 2.5 cikin 100, kada kuma ta wuce kashi 3, Abuja kuwa kashi 1.

Malam Raufu ya zauna ya duba alƙaluman wannan hukuma, ya tambayi abin da mutane da yawa ba su tsaya tambaya ba: shin tana aiki? Amsarsa ba ta gamsar da masu zaginta ba, ba ta kuma gamsar da masu yabonta ba. Ta fuskar lissafi, ya ga cewa bayan shekara 10 giɓin bai rufe ba, musamman a ayyukan da ke buƙatar ƙwarewa, domin doka na iya ware wa jiha gurbi amma ba ta iya haifar mata injiniya. Amma ta wata fuskar ya ga amfanin da ba a cika lura da shi ba: hukumar ta samar da ƙa'ida da kuma zauren da za a kai kuka. Ƙorafin da a da sai a titi ake yin sa da gora da adda, yanzu ana iya yin sa da takarda da alƙalami a gaban kwamiti. A ƙasar da ta yi yaƙin basasa na wata 30, wannan ba ƙaramin abu ba ne.

A namu ganin, akwai wani ɓangare da ya fi shafar zauren nan, kuma a nan ne darasin Rogo ke dawowa. Gurbin da aka ware wa jiharmu da sunan an bar mu a baya, wa ke shiga cikinsa? Jami'o'in tarayya sun daɗe suna bin tsarin kashi 45 don cancanta, 35 don 'yan yankin da jami'a take, 20 don jihohin da ke baya a ilimi. Wannan kashi 20 an yanke shi ne saboda yaron da ke zaune a ƙasa a ajin da rufinsa ya yaye, malami ɗaya na fama da yara fiye da ɗari. Amma wanda ke cin moriyarsa sau da yawa ɗanmu ne, wanda ya yi makarantar kuɗi a Abuja, ake kai shi a mota ana ɗauko shi, wanda bai taɓa kwana uku a jere a garinmu ba. Duk shekara idan lokacin cike takardun jami'a ko ɗaukar aiki ya zo, sakatarorin rassanmu sun san yadda waya ke damunsu: a taimaka a rubuta wa ƙaramar hukuma a ba yaro takardar shaidar ɗan asali. Muna rubutawa, kuma ba mu ce haramun ba ne, haƙƙinsa ne a doka. Amma da sunan talaucin wani aka buɗe ƙofar, ɗan wani kuma ya shige. Yaron ƙauyen bai ma kai bakin ƙofar ba, domin tun a aji uku na firamare aka rasa shi.

Ita kanta takardar shaidar ɗan asali ta zama wuƙa mai baki biyu. Sashe na 147 na tsarin mulkin 1999 ya ce a naɗa minista aƙalla ɗaya daga kowace jiha, kuma ya kasance ɗan asalinta. Sashe na 42 ya hana nuna wa ɗan Nijeriya bambanci saboda ƙabilarsa ko wurin da ya fito. Ga doka ɗaya, baki biyu. Kuma asali a nan ta jini ake bin sa, ta uba da kaka, ba ta wurin haihuwa ko yawan shekarun zama ko biyan haraji ba. Shugaban ƙaramar hukuma, a cikin 774 da muke da su, shi ke riƙe da hatimin da zai ce wane ɗan gida ne, wane baƙo. Saboda haka kujerar ƙaramar hukuma ta zama abin a mutu ko a yi rai a wuraren da jama'a suka cakuɗe. Ku dubi abubuwan da suka kunna wutar rikice-rikicen da muka sani. A Zangon Kataf, a Fabrairun 1992, batun mayar da kasuwa wani wuri ne, kafin abin ya dawo da muni a watan Mayu. A Jos, bayan an ƙirƙiro ƙaramar hukumar Jos ta Arewa a 1991, rikicin Afrilun 1994 a kan naɗin shugaban riƙonta ne. Na Satumbar 2001 ya biyo bayan taƙaddama a kan naɗin jami'in shirin yaƙi da talauci na wannan ƙaramar hukuma. Na Nuwambar 2008 zaɓenta ne. Kasuwa, kujera, da rabon tallafi. Daga baya ne ake kiran sunan addini da ƙabila, gawawwaki kuma na waɗanda ba su taɓa sa ran samun ko ɗaya daga cikin ukun ba ne. Malam Raufu ya yi nazarin Zangon Kataf tare da na Ogoni a wani littafi da Attahiru Jega ya tsara a 2000, ya nuna yadda matsin shekarun SAP ya ƙara wa tsofaffin ƙorafe-ƙorafen ƙananan ƙabilu kaifi.

Mu mazauna birane mun iya kukan wannan hali idan ya faɗo a kanmu. An ƙi ɗaukar ɗanmu aikin jiha a inda aka haife shi, an caje shi kuɗin makaranta ninki saboda baƙo ne, an tashi kasuwarmu ba diyya. Kukan gaskiya ne. To amma laifi tudu ne. A garinmu akwai gidan mai gyaran rediyo da mai kemis da tela waɗanda kakanninsu suka zo tun zamanin awon gyaɗa, jikokinsu ba su da wani harshe sai namu, ba su san wata hanya ba sai ta kasuwarmu. Ranar da ɗayansu ya nemi takardar ƙaramar hukuma ko tallafin karatu, me muke ce masa? Kundin tsarin ƙungiyarmu ma, wa ya ce shi ne ɗan gari? Muna roƙon kwamitin da aka ɗora wa gyaran kundin ya buɗe wannan shafi ya karanta shi da idon ɗansa da aka haifa a Legas.

Shekarunsa na ƙarshe ya ba da su ga rikicin addini a Arewa. Ya haɗa masu bincike na gida da na waje, aikin ya fito a littattafai uku. Na farko, *Sects and Social Disorder*, a 2014, ya dubi rarrabuwar da ke tsakanin Musulmi su kansu, daga ɗariƙu zuwa Izala da aka kafa a Jos a 1978 zuwa Maitatsine da Boko Haram, har da babi a kan rayuwar almajirai a Kano da wani a kan Musulmin da ba Hausawa ba mazauna Kano, waɗanda ake sallah sahu ɗaya da su amma ake kallonsu a matsayin baƙi. Na biyu, *Creed and Grievance*, wanda ya tsara da David Ehrhardt a kan zaman Musulmi da Kirista, ya fito a 2018. Hujjar da ta ratsa aikin ita ce ba a fahimtar waɗannan rikice-rikice da aƙida kaɗai, ba a kuma fahimtarsu da talauci kaɗai. Sai an haɗa abin da mutane suka yi imani da shi da abin da suke ganin an hana su, da kuma gazawar hukuma wajen hukunta mai laifi.

Ga ƙannenmu da ke tunanin bin wannan hanya, ba za mu ɓoye muku tsawonta ba. Digiri na farko shekara 4 ne in ba yajin aiki, sai hidimar ƙasa, sai digiri na biyu, sai na uku wanda kan ci shekara 3 zuwa 5, wani lokaci fiye. Shi kansa Malam Raufu yana da shekara 36 ya kammala nasa. Tsararrakinku da suka shiga banki ko kwastan za su riga ku gina gida da aure. Aikin kuma ba surutun siyasa ba ne irin na teburin mai shayi. Zama ne a ɗakin ajiye tsofaffin takardu na Kaduna ana shaƙar ƙura, da kwana a ƙauye ana tambayar manomi buhu nawa ya samu bana, da koyon lissafin ƙididdiga, da rubutun da wasu masana za su yi wa kaca-kaca kafin a yarda a buga. Yana kuma buƙatar jure faɗin abin da naka ba sa son ji, domin duk mai nazarin ƙabilanci da gaskiya, wata rana alƙalumansa za su nuna gidansu. Muna ba asusun tallafin karatu na ƙungiya shawara, wanda har yanzu likitanci da injiniyanci kawai yake kallo, ya ware ko gurbi ɗaya ga mai son yin digiri na biyu a wannan fanni, da sharaɗin ya yi bincikensa a kan ƙaramar hukumarmu: yara nawa ke shiga aji ɗaya, nawa ke kaiwa aji shida, su wa ke karɓar takardar asali, 'ya'yan su wa ke samun gurbin jiha.

Littafi na uku, *Overcoming Boko Haram*, bai ga fitowarsa ba. Maiɗakinsa Kate Meagher ita ta ƙarasa tsara shi, aka buga a 2020, shekara 3 bayan rasuwarsa, da sunayensu biyu a bango.